Rarar Yadin Inna Mai Keke

Kafin masu shagunan layin bayan asibiti su gama share ƙofa, Inna Mai Keke ta riga ta ɗiga wa keken ɗinkinta mai, ta saki labulen da ya raba shagonta biyu. Gaban labule na masu ɗinkin yau da kullum ne. Bayansa kuwa na matan da aka yi wa tiyatar sankarar mama ne. A nan take ɗinka musu rigar mama mai aljihu, ta cusa auduga, ta yi ta gwadawa har gefen da aka cire ya daidaita da ɗan'uwansa. A watan nan za ta ajiye aiki. Ido ya ƙi, zare ma sai maƙwabciya ta zura mata a allura.

Rakiyar yayata ce ta kai ni wurinta. Ciwon Yaya irin wanda sinadarin jikin mace ke ciyarwa ne. Likita ya ce da dama-dama, ana daɗewa, amma sai an yi shekaru ana haɗiyar ƙwaya kullum, kuma ko an gama yana iya laɓewa ya dawo. Yaya ta shiga shagon ta kare ƙirji da jaka kamar wadda ta yi sata.

"Ajiye jakar nan, 'yar nan," in ji Inna. "Ba a kanki aka fara ba. Ɗaga hannu in auna."

Inna tana da wata ɗabi'a da sauran teloli ke mata tsiya a kai. Kowane ɗinki sai ta bar rarar yadi mai faɗi, ta ninke ta ciki. Da Yaya ta tambayi dalili, sai ta ce, "Maganin nan zai buɗa ki. Baɗi ki dawo in sakar miki. In kuwa na ji kin daina sha, ni da ke ne."

Haka ta riƙa jan mata daga wannan shekara zuwa waccan. Na ga wadda ta gaji da zufa da ciwon gaɓoɓi ta watsar da ƙwayar, Inna ta bi ta har gida da tef a wuya, wai awo ta zo yi. Ba ta tashi ba sai da matar ta koma asibiti.

Ta taɓa gaya mini cewa farkon aikinta da wuya wadda ta ɗinka wa ta dawo. Sai dai ta hangi mijin ya wuce ta ƙofar shago yana kau da kai. Yanzu suna dawowa, wasu har da jikoki. Amma bencin bayan labule ba ya rabo da sababbin fuskoki, har da masu goyo.

"Sun fi daɗewa, sun kuma fi yawa," in ji ta. "Na rasa murna zan yi ko kuka."

Yaya ta sha ƙwayarta ta gama, har ta yi jika. Mun saki jiki. Bayan shekaru da yawa ta fara kuka da ciwon baya, ashe abin ne ya dawo ta ƙashi. Ta rame har rigar ta yi mata yawa, na raka ta wurin Inna a rage mata.

"Inna, wannan karon ki yanke rarar," in ji Yaya. "Babu wani baɗi."

Inna ba ta ɗago daga keke ba. "Ke ce telar ko ni?"

Yaya ta yi dariya har ta dafe ƙugu. Ban ƙara jin dariyarta irin wannan ba.

Inna, ke ce mai suturta abin da wuƙa ta bari. Ba ki taɓa yi wa kowa alkawarin warkewa ba, kin dai ƙi auna mace da mutuwarta. Mun gode, Allah Ya saka miki, Ya ba idonki lafiya. Ku kuma masu keke da ke da sauran ido, ku je ku koya tun tana iya nunawa da hannu, don matan nan ba raguwa suke yi ba.

Inna, ban gaya miki wannan ba sai yau. Bayan rasuwar Yaya, ina tattara kayanta na juya rigar nan ciki waje. Rarar tana nan, ko zare ɗaya ba ki yanke ba. Kin ninke ta, kin kama ta da ɗinkin hannu mai sauƙin farkewa, yadda kike yi wa wadda za ta dawo.