Ranar da na ƙirga 'ya'yana na bar ɗaya

Shekarun baya can, lokacin da muke haya a bakin kwari nan Gadarif, ba abin da ke tayar mini da hankali kamar hadari. Bukkarmu ɗaya ce, ta ciyawa, ƙasar kuma kun san ta, baƙar laka mai riƙe ƙafa. Kullum tunanina wata rana ruwa zai ci mu ni da yara, babansu yana can gona.

Sai ga labari wata ƙungiyar taimako za ta gina ƙananan gidaje na jan bulo a kan tudu. Ku sa hannu a aikin ginin, ku riƙa biya kaɗan-kaɗan, gida ya zama naku. Wallahi ranar na ƙona miya don murna. Maigidana ya tafi yankan riɗi Ƙala'at an-Nahal, don haka ni na yafa tob, mayafin matan nan, na tafi ofishinsu, da goyo, da yayansa, da kuma babbar.

Babbar nan ita ce 'yar farina. Mu kuwa yadda muka taso, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ma nuna nata ne, kunya ce. Shekararta bakwai, “ke” nake ce mata, kwananta ma a bukkar mahaifiyata Inna, kusa da tamu.

Wata ma'aikaciya ce mai gilashi, ustaza ake ce mata, ke cika takardar neman gidan, da Larabci. Ta ce, “Yaranki nawa?”

Na ce biyu.

Ta nuna yarinyar da biro. “Wannan fa?”

Na kau da kai na ce, “Ta Inna ce.” Ta rubuta.

Ni karatuna bai wuce aji uku ba, amma ina da ido. Na lura wata takardar ana yi mata jan layi a aje dama, wata a tura hagu ba layi. Ta maƙwabciyata mai yara huɗu ta tafi dama. Tawa hagu. A hanya na tambaye ta, ta ce, “Au, ba ki ji ba? Masu uku zuwa sama su ne a sahun farko. Sauran sai in an sake gini.”

Da bakina na ture gida!

Na iske Inna tana soya bun, 'ya'yan gahawa, na faɗa mata ina kuka. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ɗaure fuska. “Ke wannan, gaban hukuma ma kunya? To ki kwana cikin kunyar in ruwa ya zo.”

Na ce, “Inna, wa ya koya mini?”

Ta yi kamar ba ta ji ba, ta ci gaba da juya bun.

Bayan kwana biyar ustazar ta zo duba inda muke zaune, don kowa sai an je gidansa. Na shimfiɗa mata tabarma a rumfa. Na ce akwai gyara a takardata, yarana uku ne. Ta cire gilashi ta dube ni. “Ranar nan biyu, yau uku? 'Yar'uwa, da yawa suna aron yaran maƙwabta in sun ji sharaɗin.”

Na miƙa mata takardar haihuwa. Ta duba, ta ce, “To, wace ce wannan a cikinsu? Kira ta da sunanta in ga.”

Yarinyar tana bayan bukka tana wasa. Na buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Sai Inna ta aje kofi ta ce, “Ustaza, al'adarmu ce. Wannan da kike gani ita ma 'yar farina ce, tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba.” Ta juyo gare ni, ta kira ni. Da sunana na yanka, cikakke. “Kira 'yarki.”

Na kira. Yarinyar ta leƙo da gudu, ta tsaya tana waige-waige, tana neman wanda ya yi maganar. Da ta gane ni ce, sai ta rufe fuska da hannu biyu tana dariya. Ustaza ta ciro jan biro a jaka.

Ranar da aka liƙa sunaye, maƙwabciyata ce ta karanta mini. Na rangaɗa guɗa a tsakiyar titi, ni da ko a biki ba na iya yi. Na ba direban lori saƙo ya kai wa maigidana: ya gama riɗi ya zo ɗaukar bulo.

Yau in hadari ya haɗo, kujera nake jawowa bakin ƙofa ina kallo. Sunan kuwa har yanzu yana mini nauyi, sai in mun kaɗaita nake kiransa, ita kuma har ta girma ba ta daina dariyar ba. Inna dai daga ranar ba ta ƙara ba, ta koma “ke wannan”.

Don Allah, in 'yar'uwarku za ta je cika takarda, ku zaunar da ita ku ƙirga yaran tare kafin ta fita. Ku kuma masu rubutawa, in mace ta ce yaro “na Inna ne”, ku sake tambayarta a hankali.