Ƙwan Fitilar da Na Cire

Motar ja ce, mai ƙofa biyu da kujera biyu, gajera har sai mutum ya durƙusa kafin ya shiga. A duk Potiskum ita kaɗai ce irinta. Mai ita wani tsohon likitan dabbobi ne da ke zaune a unguwar Yerimaram, kowa Likita yake ce masa, kuma ya saye ta ne a hannun wani Bature malamin makaranta tun ina yawo ba wando. Ba ta ɗaukar buhu, ba ta ɗaukar iyali, ga shan mai, idan kuwa ta biyo bayan tirelar shanu sai ka ce za ta shige ƙarƙashinta. Duk da haka ranar Juma'a idan ya fito da ita, har manya sai sun waiwaya.

Shekara goma sha ɗaya na yi a rumfar maigidana ina koyon gyaran wutar mota, abin da muke ce wa riwaya. Shi Ngizim ne, mutum mai ƙarancin magana, Hausarsa ba ruwanta da bambanta mace da namiji. Shi kaɗai Likita ya yarda ya taɓa masa mota. Yakan ce min, "Motan nan tsoho ne, ka bi shi a hankali." Da na kafa tawa rumfar a bakin titin Kano zuwa Maiduguri, shekara biyu bayan an ba mu jihar Yobe, shi ya zo ya yi addu'a, ya kuma ba ni tsohuwar mitarsa ta gwajin wuta. Na karɓa da hannu biyu, amma a raina ina ganin na wuce nan. Kaina ya kumbura a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Wata safiya da bazara sai ga jar motar ta tsaya a gaban rumfata. Maigidana ya tafi Kano a yi masa aikin ido, ita kuma jar fitilar caji ta kama a gaban sitiyari ta ƙi mutuwa.

"Jibi zan kai uwargidana Hajiya garin Danchuwa sunan jikarmu," in ji Likita. "Ka duba min, tunda hannunsa ne ya koya maka."

Ya hau acaɓa ya tafi ya bar min makulli. Kafin in ɗaga murfin injin, direbobi da 'yan acaɓa sun kewaye ni. Idan wannan fitilar ta kama, yawanci altaneta ce ta gaza, wato abin da ke mayar wa batir wutar da mota ta ci. Da na ɗauko mita, da cikin minti biyu na san inda ciwon yake. To amma mita ba ta burge 'yan kallo. Masu riwaya na bakin titi muna da wata al'ada, mu tayar da mota, mu zare kan batir tana cikin aiki. Idan ta mutu, altaneta ta lalace, idan ta ci gaba da ruri, lafiyarta ƙalau. Maigidana ya hana ni wannan gwajin tun shekarata ta farko, ya ce wuta takan haukace ta ƙona abin da aka zo gyarawa.

Na zare kan batir. Ban tsaya nan ba, sai da na ja totur ta yi kuka don jama'a su ji. Wani ƙauri ya tashi, injin ya yi shiru. Na san na yi ɓarna, amma na gyaɗa kai kamar abin da nake jira ke nan.

Na kwance altanetar na shiga da ita bayan rumfa. Ashe kabon ne kawai ya cinye, 'yan guntayen gawayi biyu da ba su kai kan ɗan yatsa ba, waɗanda ake canzawa kafin shayi ya huce. Yanzu kuwa cikinta ya ƙone ƙurmus, kuma da hannuna na ƙona shi.

Da Likita ya dawo bayan azahar ya tambayi abin da ya same ta, sai idona ya faɗa kan wani tsohon liƙi na dalma a jikin waya. Na san liƙin, don ina tsaye aka yi shi, kuma ba shi da aibi ko kaɗan. Na ɗora yatsa a kai.

"Gyaran baya ne ya ci ta, ranka ya daɗe. Ka ga nan, an haɗa ba daidai ba."

"Ai maigidanka ne ya yi wannan."

"To, ido ne. Girma ya zo."

Na faɗi haka a gaban mutum sun fi goma, kuma direbobi ne, maganar da suka ji a nan da safe sai ta kwana a Damaturu. Har yau idan na tuna yadda muryata ta fita sumul, ba gargada, kunya takan rufe ni.

Na je wurin masu tsofaffin kayan gyara na samo wata altaneta da aka ciro daga motar haya. Ba ta zauna ba sai da na goge ƙarfen da ke riƙe ta, na ja bel da ƙyar. Washegari na tayar, jar fitilar ta rage haske amma ba ta mutu ba, tana nan tana harara ta. Na juya wayoyi, na sake juyawa, ta ƙi. La'asar ta gabato, lokacin da Likita ya ce zai zo. Sai na zura hannu ta ƙarƙashin sitiyari, na murɗe ɗan ƙwan fitilar, na jefa shi a gwangwanin da nake tara kusoshi.

Likita ya murza makulli, ya ga ba ja, ya yi murmushi ya ce hannuna da albarka. Ni kuwa na san, don an koya min, cewa a irin waɗannan tsofaffin motoci ta cikin wannan ƙwan wuta ke bi ta tayar da altaneta daga barci. Ba ƙwan, ba caji. Na yi wa kaina ƙarya cewa batir zai kai su ya dawo da su, in ya so daga baya in san dabara.

Ya kai su, bai dawo da su ba. A hanyar dawowa daga Danchuwa motar ta mutu da rana tsaka, inda ba inuwar kirki. Hajiya tana fama da ciwon ƙafa, a amalanke aka kawo ta gari. Motar kuma wani manomi ya ɗaure ta a bayan shanun noma ya ja, Likita yana ciki yana riƙe da sitiyari. Ranar kasuwar shanu ce, gari cike, aka yi ta dariya wai yau shanu sun biya likitansu. Maigidana ya dawo daga Kano a ranar, don haka rumfarsa aka kai ta.

Da safe ina shara sai na hango shi tafe a ƙasa, da auduga manne a ido ɗaya. Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, sannan ya miƙo tafin hannu.

"Ba ni ƙwan."

"Wane ƙwai, Baba?"

"Idona ne ba lafiya, yatsana yana gani. Na sa hannu, na ji rami."

Na zazzage gwangwanin a ƙasa, na tsince shi daga cikin kusoshi, na miƙa masa. Ya karɓa ya sa a aljihu, ya ɗauki ƙonanniyar altanetar ya shinshina ta sau ɗaya.

"Mitan da na ba ka yana nan?"

"Tana nan, Baba."

"To."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Da ya zage ni ko ya mare ni, da na fi samun sauƙi. Ya saɓa altanetar ya tafi, ya yi kwana huɗu yana naɗa mata sabuwar waya da ido ɗaya, ya mayar da ita mazauninta.

Bayan mako guda jar motar ta sake tsayawa a rumfata. Na ce yau asirina ya tonu, har na fara shirya kalmomin ban haƙuri. Likita ya fito ya dafa kafaɗata.

"Na tambayi maigidanka. Ya ce gaskiyarka, aikinsa na baya ne ya jawo komai. Ya ce kai kana da iyali ƙanana kuma idonka garau, daga yau in riƙa kawo maka ita."

Ga ƙofa a buɗe, kalma uku ta isa in wanke maigidana. Na kalli ƙasa, na kalli direbobin da ke zaune a benci. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Allah ya saka da alheri, ranka ya daɗe."

Daga nan motoci suka riƙa tsallake rumfar maigidana suna zuwa tawa. Kafin damina biyu ya rufe ta ya koma gona. Duk Sallah nakan je gaishe shi da shadda da goro, kuma sau biyu na ɗauko maganar, ya katse ni da tambayar ko babbar 'yata ta shiga makaranta. Likita ya riga shi rasuwa, bai taɓa sani ba.

Ranar da muka kai maigidana makwancinsa, muna dawowa daga maƙabarta, wani tsohon direba ya jero da ni yana girgiza kai.

"Gwani ne, Allah ya jiƙansa, sai dai ido ya ci amanarsa a ƙarshe. Ka tuna motar Likita?"

Mutane suna gefenmu suna ji. Na ce, "Na tuna." Muka ci gaba da tafiya.