Rokar da Surukina Bai Gani Ba

Ni dai ban taɓa cewa na harba roka ba. Cewa na yi ina aiki da masu harkar roka, kuma duk wanda ya ɗan leƙa firamare kamar ni ya san akwai bambanci.

Aikina a Riyad tuƙi ne. Kafilina, wato mutumin da iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, ke hannunsa, yana da wurin cika tukwanen gas a Birnin Masana'antu na Biyu, ni kuma in ɗauka in kai wa masu saye. Cikinsu akwai wasu masu binciken iska da suka kafa rumfa a wani fili kudu da gari. Da safe sai su hura wani farin balan-balan, ƙato ya fi ni tsawo, su ɗaura masa 'yar na'ura kamar kwalin sabulu, su sake shi. Yana hawa tana aiko musu da labarin zafi da sanyi da inda iska ta dosa.

Babbansu wani injiniya ne ɗan Sudan, mai son hira. Wata rana muna shan shayi ya ce mini, "Ya Hajji, wannan in ya yi nisa fashewa yake yi. Inda ya gaza, roka ake aikawa." Ya nuna mini a wayarsa: siririya kamar falwaya, ta tashi fuuu, ta auno iskar can ƙololuwa, na'urarta ta sauko da laima.

Na ce, "Ku ma kuna da ita?"

Ya ce, "La, la, a'a. Wasu ƙasashe ne. Mu nan balan-balan."

To, wannan "la, la" ɗin ce ta faɗi a hanya kafin labarin ya isa Kano. 'Yata ta fari ta kira ni, ta ce Baba wai wane irin kaya kake ɗauka ne? Mutum mai furfura zai buɗe baki ya ce wa 'yarsa iskar balan-balan yake dako, irin wanda take kuka a saya mata ranar sallah? Na gyara murya na yi mata bayanin roka tiryan-tiryan. Da na gama ta ce, "Kai, Baba!" Rabon da in ji ta faɗi haka tun tana yarinya.

Ana nan sai mijinta ya samu gurbin karatun addini a Riyad. Ya zo gaishe ni a ɗakinmu na unguwar Shumaisi, ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa, idonsa na kan tabarma. Yaro mai kunya, tun da aka ɗaura auren bai taɓa haɗa ido da ni ba. Bayan gaisuwa ya ce, "Baba, ta ce in roƙe ka ka kai ni in ga rokar, in ba ta labari."

Na ce wurin akwai tsaro. Ya ce to. Wata Juma'ar ya dawo da saƙon. Na ce ana gyara. Ya ce to. A ƙarshe na yanke shawara in tafi da shi, ya zauna a mota, in sauke tukwane, in ce yau ba ranar harbawa ba ce.

Ranar kuwa iska ta tashi da faɗa, kuma ɗaya daga cikin ma'aikatan bai zo ba. Ina ajiye tukunya ta ƙarshe injiniya ya ƙwala mini kira: "Ya Hajji, ta'al, zo! Riƙe mana wuyan balan-balan ɗin nan, yalla, maza!" Na waiga. Surukina ya fito daga mota don ya taya ni ɗaukar kaya, yana tsaye a bayana.

Na riƙe. Abin nan ya kwanto ya mare ni a fuska, hulata ta kama hanyar Yaman. Ya ja ni gaba, na bi shi da gudu-gudu, takalmina ɗaya ya zauna a yashi. Sai iska ta shigo ta ƙasa ta ɗage jallabiyata ta rufe mini kai. Ina cikin duhu ina jin ɗan Sudan na ihu, "Saki! Saki, ya Hajji!" Na saki, na zauna daɓas. Wandon da ke jikina ranar, tsohon na barci ne mai zanen ayaba, wanda wani ɗan ɗakinmu ya bari da ya koma gida.

Da na fito da kaina, balan-balan ya zama ɗigo a sama. Surukina na durƙushe a gefe, ya ajiye takalmina a gabana, kansa a ƙasa. Kafaɗunsa ne kawai suka ɗan motsa, ya mayar da abin tari.

Muka shiga mota muka kamo hanyar gari. Mun kusa unguwar Dira wayarsa ta yi ƙara. 'Yata ce. Ya rasa yadda zai yi, ya ɗauka, muryarta na fitowa har kunnena.

"Kun je? Ka gan ta? Yaya take?"

Na riƙe sitiyari da hannu biyu. Na san yaron nan ko a wasa ba ya ƙarya.

Ya ce, "Haba, ina ni ina ƙare wa Baba kallo yana bakin aiki? Na dai ji ana ihu, kuma har babbansu sai da ya kira Baba kafin a saki."

Ta ce, "Kai, Baba!"

Ya kashe wayar ya ci gaba da kallon ƙafarsa. Da na sauke shi a bakin makarantarsu ya durƙusa ya yi mini sallama, ya ce Allah ya ƙara girma. Tun daga ranar, in ya zo gaisuwa, mu biyun duka tabarma muke kallo.