Batirin Gidan Majo Haruna

Ina garka a bakin tabki ina ban ruwan albasa wayata ta yi ƙara. Maƙwabcina ne. Ya ce, "Rabi'u, sai haƙuri. Majo Haruna ya riga mu gidan gaskiya." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na zauna a kan kunyar albasa.

Majo Haruna shi ne babban ma'aikacin jinya na unguwarmu a nan Madarumfa, har ya aje aiki. Mutum ne mai ƙarancin magana, ba ya wasa da lokacin magani. Da yawa sun ɗauke shi mafaɗaci. Ni ma haka na ɗauka, kafin ciwon mahaifiyata.

Inna ta warke daga tarin fuka shekarun baya, amma ya bar mata tabo a huhu, wasu ƙwayoyin cuta suka samu wurin zama. Daga ɗaki zuwa randa sai ta tsaya sau biyu tana haki. Lokotoro a Maradi ya rubuta mata maganin kashe ƙwayoyin, irin wanda ake shaƙa. Ruwa ne a 'yan kwalabe, ana zuba shi a ƙaramin inji mai aiki da kuran, wato wutar lantarki, ya mai da shi tururi mai sanyi da ke kaiwa can cikin huhu. Safe da yamma, mako huɗu, kada a tsallake.

Rana ta shida, cikin tsakiyar bazara, kuran ya tafi ya ƙi dawowa. Na ce a raina ai shaƙa shaƙa ce, mun tashi mun ga ana hayaƙi da surace. Na ɗebo garwashi a kasko, na tsiyaye maganin a kai, na lulluɓe Inna da zane. Tari ya sarƙe ta har idanunta suka firfito. A haka Majo ya yi sallama, don kullum da la'asar yakan leƙo ta.

Ya yaye zanen, ya fitar da kaskon, ya zaunar da ita har numfashinta ya daidaita. Na sunkuyar da kai ina jiran zagi. Sai ya ce, "Ɗana, wanga ba turare ba ne. Wuta ta cinye maganin, hayaƙi kawai ka ba tsohuwa. Amma wanda ya yi kuskure garin son uwa tai, koya mishi ake yi." Har yau in na tuna, kunya nake ji.

Kafin magariba ya dawo da babban batir ɗaure a bayan babur, ya haɗa injin da kansa, ya nuna mini yadda zan riƙa wanke abin da ake sa wa a baki. Da aka yi mako biyu tari ya lafa, Inna ta ce, "Majo, na ji sauƙi. A aje sauran don wata rana." Ya ce, "Inna, tari ne ya kwanta, cutar tana nan. Mai garka ba ya barin ban ruwa don ganye ya yi kore." Ta ƙarasa maganin, na mayar masa da batir da "an gode" kurum.

Ranar uku da rasuwar Majo, Inna ta ce da ƙafarta za ta je ta'aziyya, kuma ba ta tsaya ko sau ɗaya a hanya ba. A can matarsa Zuwaira ta riƙe hannunta ta ce, "Inna, batirin nan na fankarmu ne hwa. Sati uku muka yi cikin zafi. In na yi mita sai ya ce, Zuwaira, mu gumi muke yi, ita numfashi take nema." Bai taɓa faɗa mana ba. Inna ta yi kuka, ni ma na yi.

Allah Ya jiƙan Majo Haruna, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sanyaya kabarinsa kamar yadda ya haƙura da sanyin ɗakinsa. Allah Ya ba Zuwaira da 'ya'yansa dangana, Ya tsare bayansa. Duk numfashin da Inna ta ja daga yau har iyakar kwananta, ya Allah Ka sa shi a mizaninsa. Amin.