Ranar da Gwaggo Ta Ba da Ajiyar Fasfonta

Gwaggona, yayar mahaifina, ta daɗe tana zuwa Guangzhou sarin jakunkunan mata. Sau biyu take zuwa a shekara, ta sauka a wani otal a Liwan, ta ɗauki mota zuwa Shiling, ta cika kwalaye, a loda su a kwantena su bi ruwa zuwa Legas, daga can a kai su Kano. Ita kuwa ta sama take komawa. Wata rana muna cin abinci ta ce jakunkunanta sun fi ta sanin teku, ita ko kwalekwale ba ta taɓa shiga ba. Ina jin da wasa ta faɗa. Ni ce na riƙe maganar.

A lokacin ban daɗe da gama digiri a wata jami'a da ke Tianhe ba, na kuma samu aikin tafinta a wani kamfanin aika kaya. A hannun Gwaggo na tashi, ita ce ta tsaya tsayin daka har na zo karatu. Na daɗe ina neman abin da zan yi mata wanda ba za ta ce tana da irinsa a shago ba. Sai na yanke shawarar in kai ta yawon jirgin ruwa, irin manyan nan da ke tashi daga tashar Nansha, su yi kwana huɗu ko biyar, su taɓa gaɓar Vietnam su dawo.

Ni mutum ce mai tsoron kuskure. Sharuɗɗan tikitin sau biyu na karanta su, da Sinanci da Turanci, don ban yarda fassarar ta zo daidai ba. Abin da na fara dubawa bizar Gwaggo ce. A yadda na fahimta, da zarar jirgin ya bar tasha to mutum ya fita daga China, wanda kuma bizarsa ta shiga sau ɗaya ce, zai dawo ya tarar da ƙofa a rufe, kayansa na ciki shi yana waje. Ta Gwaggo ta shiga sau da yawa ce a shekarar. Duk da haka sai da na je ofishin masu sayar da tikitin sau uku, har matar wurin ta fara zuba min shayi kafin in zauna. Ba na cewa haka dokar take ga kowa, dokoki suna canzawa, wanda zai yi irin wannan tafiya ya tambaya da bakinsa.

Na kauce wa watannin guguwa. Na zaɓi ɗaki a tsakiyar jirgi kuma a hawa na ƙasa, don an ce can ne ya fi rashin tangaɗi, ko da yake wani ya ce min duk ɗaya ne. Na rubuta musu tun da wuri cewa mu Musulmi ne, suka amsa cewa akwai kifi da ƙwai da ganye, naman kuwa ba za su yi min alkawari ba. Na sayi maganin jiri, na kuma sayi citta ko da maganin bai yi ba.

A shafi na kusa da ƙarshe na ci karo da abin da ya tayar min da hankali. An rubuta cewa ma'aikatan jirgi za su karɓi fasfon kowa a wurin shiga, su ajiye a wurinsu don su nema wa fasinjoji izinin sauka a ɗaya ƙasar, sai daf da dawowa su mayar.

Duk wanda ya san 'yan kasuwarmu a garin nan ya san ba sa rabuwa da fasfo, don ana iya tambayarsa a ko'ina. Na Gwaggo kuwa ya wuce na kowa. Shekarun baya wani dillali ya karɓi nata zai ƙaro mata kwanakin biza, ya ɓace da shi mako uku. Ta zauna a ɗakin otal ba ta leƙa ko bakin titi ba, kayanta suna Shiling ba mai dubawa. Tun daga nan fasfon yake kwana cikin lalita a ƙugunta, ƙarƙashin zani. Ko ni, da zan ɗauki hoton bizar, tana riƙe da gefe ɗaya na ɗauka.

Na yi niyyar faɗa mata, Allah ya sani. Ana saura kwana biyu tafiya na je otal ɗin muna haɗa kaya. Akwai ƙawarta a ɗakin, wata Hajiya daga Maraɗi da suke sari tare, tana zaune a bakin gado tana tsokana.

"Ke da ko a lif sai kin rufe ido, ke ce za ki shiga teku?"

"Ki zauna nan ki yi gadin kwalaye," in ji Gwaggo. "In na dawo na ba ki labari."

Na cire butar lantarki da dutsen guga daga akwatinta, na ce ba a shiga da su. Na ware maganinta da dadduma da hijabi ɗaya a jakar hannu, don an ce manyan akwatuna ba sa isowa ɗaki sai yamma. Da na ga tana cikin nishaɗi sai na ce, "Gwaggo, a tashar za su duba fasfo."

"To da me za su duba, haƙorana?"

"A'a, ina nufin mai yiwuwa su ɗan riƙe shi."

"Ai ko'ina haka ake yi. Su riƙe, su buga hatimi, su miƙo."

"Haka ne," na ce. Na koma gida ina gaya wa kaina cewa ai na faɗa.

Ranar tafiya mun isa Nansha da hantsi, awa uku kafin lokacin da aka ba mu, don na ji tsoron cunkoso. Gwaggo ta ɗaga kai ta dubi jirgin ta tagar tashar, ta ce wannan ai unguwa ce aka ɗora wa ruwa. Masu ɗaukar kaya suka manna wa akwatunanmu lambar ɗaki suka wuce da su. Muka bi layi har gaban wata matashiyar ma'aikaciya mai murmushi. Gwaggo ta juya ta fuskanci bango, ta yi 'yan dabarunta, ta fito da fasfon da ɗuminsa.

Ma'aikaciyar ta duba, ta danna na'ura, ta miƙo katin ɗaki da wata 'yar takarda, sannan ta jefa fasfon cikin wani kwando inda wasu da yawa suke. Ban san Gwaggo na da irin wannan zafin nama ba. Kafin in ƙifta ido ta miƙa hannu ta saman teburin ta ɗauko abinta.

"Meyo," ta ce. Kalmar da masu shago ke faɗa mata ce idan kaya babu, ita kuma take amfani da ita a duk inda take son cewa a'a.

Ma'aikaciyar ta yi bayani mai tsawo cikin ladabi. Na juya na ce, "Ta ce wai akwai ɗan tsari ne."

Gwaggo ta dube ni. "Maganarta doguwa, taki gajera. Malama mai digiri, faɗa min abin da yarinyar nan ta ce."

Bayanmu layi ya fara tsawo. Wani dattijo mai hular kwano yana leƙo mu yana duba agogo. Na ce, "Za su riƙe shi har kwana huɗu. In ba a ba su ba, ba a shiga."

"Kin san da wannan?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Ya kai wata biyu."

Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi damuna ke nan. Ta fita daga layi ta samu kujera ta zauna, fasfon a tafin hannunta, ɗaya hannun a kansa. Ta tambayi akwatinta, na ce ya riga ya shiga. Ta ce to a fito da shi. Na tsaya a gabanta ina jin kunya kamar ƙasa ta tsage. Na duba guguwa, na duba biza, na duba kifi, amma abu ɗaya da na san zai hana ta shiga na yi ta kewaye shi. Na fara tunanin yadda za mu koma Liwan da akwatuna, da abin da Hajiyar Maraɗi za ta yi shekara tana faɗa.

Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri. Tsoro na ji kar ki ce kin fasa."

"To yanzu da na fasa a gaban jama'a, ya fi?"

Ta dubi kwandon. Mutane suna ta miƙa nasu suna wucewa da dariya. Can ta ce, "Wa ke karɓa? Ita wannan yarinyar ce ke ajiyewa, ko akwai na sama da ita?"

Na ce ban tabbata ba.

"Ba tabbacinki na nema ba. Kira min lawban."

Lawban shi ne mai gida, ko shugaba, da shi ake gama magana a kowane shago. Aka kira wani mutum mai farar riga da rediyo a kafaɗa. Gwaggo ta miƙe ta gyara mayafi, ta ce min, "Abin da na faɗa shi za ki faɗa. Kar ki sa masa sukari."

Sai na ga ta koma matar da na sani a bakin sito a Shiling ranar miƙa kaya. A ina ake ajiyewa? A ofis, cikin akwatin ƙarfe. Ana kullewa? Ana kullewa. Mutum nawa ke da mabuɗi? Biyu. Shi yana ciki? Yana ciki. Wace rana za a mayar, ƙarfe nawa, a wane hawa? Ya faɗa. Na fassara kalma da kalma, ban ƙara ko "wataƙila" ɗaya ba.

Ta ɗaga 'yar takardar da aka ba ta, ta juya ta gaba da baya. "Wannan ba rasit ba ne. Ina jan hatimi?"

Mutumin ya yi dariya, amma da alama ya fahimce ta sarai, don su ma mutanen ƙasar ba sa yarda da takarda marar jan hatimi. Ya buɗe aljihun tebur ya lalubo wani ya buga. Na karanta, kwanan wata ne kawai da kalmar an karɓa. Gwaggo ta ce ya isa.

Daga nan ta zuge jakar hannunta ta fito da farin salatif da baƙar maka ta rubutu, waɗanda ba ta zuwa ko'ina ba tare da su ba. Ta yanki salatif da haƙori ta manna a bayan rigar ledar fasfon, ta zana alamar da take sa wa kwalayenta, da'ira da haruffa biyu a ciki. Sannan ta sa lawban ya riƙe fasfon da rasit ɗin a ƙirjinsa, ta ce in ɗauki hoto fuskarsa ta fito sosai, kamar yadda take yi wa duk mai karɓar kayanta. Ya tsaya ƙyam, har da ɗaga yatsu biyu. Dattijon mai hular kwano ya tambaye ni ko shi ma ya kamata ya yi haka.

Da hannu biyu ta miƙa fasfon. Ta juya ta fuskanci bango ta sa rasit ɗin a lalita, muka shiga.

Jirgin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Jiri bai kama Gwaggo ba ko kaɗan, ni ce na sha maganin na tauna cittar. Alƙibla ta ba mu ɗan aiki, don jirgin yana juyawa, sai muka riƙa duba waya kafin kowace salla, in ta rikice mu tambayi ma'aikata inda yamma take, don daga can alƙibla yamma ce. Na kashe mana layin waya don kar ya kama na ƙasar wasu. Ranar da muka sauka gaɓar Vietnam na dawo da mu jirgi awa biyu kafin lokaci, Gwaggo tana mita cewa ko farashin jaka ɗaya ban bari ta gama tayawa ba. Ta ci kifi har ta ce ta kusa fara iyo.

Amma na lura kowace safiya bayan karin kumallo sai ta ce mu bi ta hawa na biyar, inda ofishin yake. Ba ta tambayar komai. Ta gaida wanda ke bakin kanta da "nihaw", ta ɗan leƙa bayansa, mu wuce. A wurin kallon rawa, a bakin tagar da ake hango ruwa, hannunta yana yawan komawa ƙugunta.

A rana ta huɗu bayan la'asar aka yi shela a zo a karɓi fasfo. Mu ne na farko a layi. An baje su a kan dogon tebur, ma'aikata suna ta neman lambar ɗaki. Gwaggo ta nuna da yatsa daga nesa, "Ga shi can, mai da'ira." Ta ba da rasit, ta karɓa, ta buɗe shafi bayan shafi tana lasar yatsa har bangon ƙarshe. Ta nemi jikin bango ta juya, ta mayar da shi lalita. Da ta waiwayo sai na ga kafaɗunta sun sauka.

"To, yanzu zan ji daɗin jirgin nan," ta ce. "Kwana nawa ya rage?"

"Gobe da safe za mu sauka."

"Kin gani ko. Da kin faɗa min tun wata biyun nan, da na gama fargabata a otal, na shigo da zuciya ɗaya."

Na buɗe baki zan ce mai yiwuwa haka ne, sai na fasa. Na ce, "Gaskiya ne, Gwaggo."

Ta kama hannuna ta ce in kai ta can saman ƙarshe inda iska take, tun rana ba ta faɗi ba.