Gida Mai Koren Get

Shekara goma sha ɗaya shagon ɗinkina yana manne da ajin Malama Dokas a unguwar Kwamba ta Suleja, bango ɗaya ne tsakaninmu, don haka abin da zan faɗa da kunnena na ji shi. Ɗaki ne guda mai benci huɗu, inda take koyar da yara tara masu lalurar ƙwaƙwalwa, irin waɗanda makarantu ke cewa a mayar da su gida. 'Yan unguwa wawaye suke ce musu. Ni ma na taɓa faɗa a gabanta, ta wanke ni tas, har yau ban sake ba.

Ba ta fiye damuwa da karatun allo ba. Burinta yaro ya iya sa maɓalli, ya wanke hannu, in ya ɓata kuma ya iya faɗin gidansu.

Alheri ta zo ajin tana da shekara goma sha biyu, ba ta iya haɗa kalma uku ba. Mahaifiyarta Comfort, mai sayar da kunun zaki, tsoronta ɗaya ne: yarinyar na son bin hanya, in ta fita kuma ba ta san komowa ba. Sai Malama Dokas ta sa mata abin a waƙa, da tafi: "Sunana Alheri, gidanmu Kwamba, gida mai koren get." Shekara uku, jama'a! Har keken ɗinkina ya haddace. Wata rana na leƙa na ce, "Malama, ki ji tausayinmu, a canza faifai mana."

Ta ce, "Maman Titus, sai ranar da ta faɗa ba tafi."

Ranar da Alheri ta faɗa ba tafi, kyauta Comfort ta raba mana kunu.

Bara Comfort ta rasu, zazzaɓin kwana biyar. Ƙaninta Bitrus ya tafi da Alheri gidansa a Izom. Ba a yi sati biyu ba yarinyar ta fita bakin titi, ta karanta wa wata mata waƙarta tiryan-tiryan. Matar ta sa ta a mota, direba ya haɗa ta da mai keke napep, mai keke ya sauke ta a koren get. Sababbin 'yan haya suka tarar da ita zaune a ƙofar ɗakinsu na da, ita da mahaifiyarta, tana jiran Mama. Sau uku ana haka.

Bitrus ya zo ajin, idonsa ja. Ya ce, "Malama, don Allah ki cire mata waƙar nan. Wata rana ba mutumin kirki ne zai ɗauke ta ba."

Na ji haushinsa ƙwarai, amma gaskiya ya faɗa. Ita ma Malama ta sani. Wata huɗu tana zuwa Izom duk Asabar, tana rushe aikin shekara uku da hannunta. Asabar ta ƙarshe na raka ta. Muna zaune a gindin mangwaro Alheri ta miƙe tsaye ta ce, "Sunana Alheri, gidanmu Izom, gidan Kawu Bitrus." Ko tafi ba a yi mata ba. Bitrus ya yi ta godiya.

Sai yarinyar ta kama zanin malamarta ta ce, "Anti, wa zai koya wa Mama? Ita Kwamba ta sani."

Malama Dokas ta gyara mata maɓallin riga ta ce, "Ni zan koya mata." A mota ta yi kuka tun daga Izom har Suleja, ni da na je rarrashi na fi ta.

Alheri ba ta sake ɓata ba. Malama Dokas tana nan tana koyarwa, ina jin tafinta ta bango. Sai dai da can ta gaban koren get ɗin take bi zuwa aji kowace safiya. Yanzu zagayawa take yi.