Ayuba da Duwatsun Murhunsa

Duk wanda ya taɓa yin rani da mu a zangon shanyar citta ya san marigayi Ayuba ba ya yanke igiya. Ranar tashi kowa zai sa wuƙa ya sauke rumfarsa, shi kuwa yana tsugune yana kwance ƙulli da haƙori.

Sai in ce, "Ayuba, ga wuƙa!"

"Igiyar ta zage ka ne, Bitrus?"

Tuƙin babbar mota ya kai ni wurare. Na ga Buzaye a Agadas sun naɗe tanti kafin shayi ya huce. Na ga masunta a Gana sun kwashe komai kamar ana korarsu. Amma tashi irin na Ayuba, kai, ban gani ba!

A cikin tsohuwar bas yake kwana. Ya cire kujerun, ya sa katifa da labule, ya raɗa mata suna Madam. To Madam ba ta tashi sai da turi, don haka ba halin mu tafi mu bar shi. Ga kuma rafi tsakaninmu da hanyar Kafanchan. In ruwan farko ya sauka rafin ya cika, cittar da ya wahala a kanta za ta yi funfuna a cikin mota.

Wata shekara hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Mun gama lodi, sai ga Ayuba yana ɗauko duwatsun murhu, da zafinsu, yana sakawa cikin bas.

Na ce, "Haba ɗan'uwa! Dutse ya ƙare a garinku Kagoro ne?"

Ya ce, "Waɗannan sun riga sun koyi aiki. Sabo sai ya kifar mini da tukunya."

Mama Saratu mai abinci ta ce, "To ka kwashe tokar ma!" Sai ya tsaya yana kallon tokar. Muka yi mata caa, "Mama, kin kashe mu!"

Muka tura Madam, dattawa da furfura, ana yayyafi. Da ƙyar ta haye rafin, ruwa har gwiwarmu. Yana hayewa ya leƙo ta taga, ko ɗigo bai taɓa shi ba.

"Kun gani? Madam ba ta makara. Ku ne ba ku iya turi ba!"

Ranin ƙarshe kuwa shi ya riga kowa gama shiri. Na duba, ga duwatsun a wurinsu.

"Ayuba, ka manta da ma'aikatanka."

"Bar su, Bitrus. Baɗi wani zai zo da tukunya." Ya miƙo mini igiyoyinsa a naɗe. "Kada ka yanke."

Kafin a sake haƙar citta Ubangiji ya kira shi. Bana a kan murhunsa na yi girki, tukunya ko motsi ba ta yi ba.

Ya Allah, ka ba bawanka Ayuba hutawa a wurinka. Mu ma in tashinmu ya zo, ka same mu a shirye. Amin.